Matakalar Kafin-Su-Dawo

A dutsen da aka haife ni, bayan unguwar Utaibiyya a ƙasa mai tsarki, babu lungun da ba shi da suna, kuma babu sunan da aka yanka wa rago. Hukuma tana da nata na Larabci a takarda, suna guda tal ga dutsen gaba ɗaya. Mu kuwa Hausawan da kakanninmu suka taho a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka rasa wurin zama a ƙasa suka hau sama, kowane taku mun san abin da ake ce masa. In abu ya faru a wuri, mutane suka yi dariya ko suka yi kuka, shi ke nan wurin ya samu suna, ko mai abin yana so ko ba ya so.

Akwai Inuwar Ƙarya, wani dutse mai baki da ke ba da sanyi da hantsi. Baƙo zai shimfiɗa tabarma ya miƙe ƙafa yana yabon Allah, kafin azahar rana ta zagayo ta gasa shi. Akwai Gangaren Garwa, inda wani mai ga-ruwa ya zame, garwarsa ta gangara tana kururuwa har bakin titi, ta riga shi sauka da nisa. Akwai Lungun Abeshe, na mutanen da suka yi zangon shekara goma a Abeshe ta ƙasar Chadi kafin su ƙaraso, suka zo da yaji da faɗa. Akwai kuma Ba-Ni-Nan, wata tsaga tsakanin duwatsu biyu da ke cin mutum bakwai in sun matse ciki, inda marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ke shigewa in motar jami'an fasfo ta tsaya a ƙasa. Limamin masallacinmu ma ya taɓa wuni a ciki da rawaninsa.

Sunan da ya shafe ni shi ne na matakala. Kafin a yi ta, hanyar awaki ake bi a hau, kuma mata suka fi binta, domin su ke hawa da ruwa da tukunyar gas da buhun shinkafa, ga yaro a baya. Maza kuwa su sauka da safe hannu na dukan cinya, su hau da yamma hannu na dukan cinya. Sai wata shekara maƙwabciyarmu, aminiyar mahaifiyata, ta zame da tsohon ciki. Ita ta rayu, abin da ke cikin bai rayu ba. Maza sun ji abin har zuciya, ba zan yi musu ƙazafi ba. Saboda tsananin jin abin ne ma suka kafa kwamiti.

Shugaban kwamitin Baffa ne, yayan mahaifina, mutum mai faɗin kafaɗa da faɗin murya, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi carbi nauyi ba. Shekara uku kwamitin yana zama duk Juma'a bayan la'asar. Shayin da aka sha a zauren Baffa ya isa a kwaɓa simintin matakala biyu. An yi muhawara kan ko daga sama za a fara ko daga ƙasa, har mutanen sama da na ƙasa suka yi wata huɗu suna gaisawa da kai kawai. Abu ɗaya aka kammala lafiya, shi ne suna: Matakalar Haɗin Kai. Aka sa mai kyan rubutu ya zana shi a allon katako da Larabci da ajami, aka jingine allon a zaure yana jiran matakala.

Duk shekara in Hajji ya matso, dutsenmu yakan zama babu namiji sai tsoho da jariri. Mako uku, wani lokaci fiye, maza suna Mina da Arfa, masu kafa tanti, masu girki, masu shara, masu tuƙi. Abincin shekara a nan ake samo shi, ba mai zama. A shekara ta uku ta kwamiti, ranar da motar ƙarshe ta kwashe su, Inna, mahaifiyata, ta ci ɗamara ta bi gida gida. Abin da ta faɗa wa mata gajere ne, in ji waɗanda suka ji da kunnensu. Ta ce a yi gayya irin ta daɓe, a gama kafin su dawo, don in suka dawo suka tarar ana cikin yi, za su ce a dakata a yi zama.

Haka aka yi. An tsayar da gine-ginen ƙasa saboda Hajji, masu gadi suka kau da kai, mata suka riƙa tsintar fasassun bulo da ragowar siminti a gindin buhu. Suka hau da su a ka, a kwano, a garwa, a tiren tallan gyaɗa. Tsofaffin da suka yi daɓe a gida tun suna 'yan mata su suka nuna yadda ake buga ƙasa har ta zauna, babu madaɓi aka yi da taɓarya. Inna tana goye da ni a lokacin, don haka ina iya cewa da ni aka yi aikin, ina barci. Matakalar ba ta fito daidai ba. Wani hawan ya kai gwiwa, wani bai kai tafin hannu ba, akwai ma inda take yin kwana don kauce wa akurkin wata tsohuwa da ta rantse ba mai taɓa mata shi. Amma ba wadda ta sake zamewa. Inna ta bar gwiwarta ta hagu a wannan aiki, tun daga lokacin ba ta ƙara tashi daga sujada ba sai ta dafa bango.

Maza suka dawo da sabon aski, suka yi cirko-cirko a gindin dutse suna kallo. Baffa, Allah ya hore masa saurin tunani, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya gode wa Ubangiji da ya cika wa kwamiti burinsa. Washegari aka kafa allon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allon ya yi wata biyu a tsaye, sannan mai akurkin nan ta ga ya yi daidai da ƙofar kajinta. Sunan da ya zauna a bakin mutane shi ne Kafin-Su-Dawo. Da shi ake kwatance, da shi ake aike, yaran da Larabci ya cinye musu Hausa ma shi suke faɗa ba su san ma'anarsa ba. Baffa ne kaɗai bai taɓa furta shi ba. Shekara talatin yana cewa "daraj," wato matakala da Larabci, yana kauce wa sunan kamar uwa da sunan ɗan fari.

Shekarar da aka zo aka shafa wa bangayenmu jan fenti, alamar rusau, na haura talatin. Mahaifina ya rasu, ina tuƙa motar haya, lokacin Hajji kuma Baffa ke sama mini babbar motar alhazai ta hannun mutanensa. Ina kuma neman auren autarsa. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don shi ne dukan uzurina, kuma na san bai isa ba.

A wannan tsakanin wani Dakta, malamin jami'a daga gida ƙasar Hausa, ya zo Umara, ya shiga motata. Ya ji ni a waya ina yi wa wani kwatance, in ka bar Inuwar Ƙarya ka riƙe dama kada ka bi Gangaren Garwa, sai ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya in maimaita. Ashe sana'arsa ke nan, sunayen wurare. Ya yi karatu a ƙasar Sikotland, ya ce can akwai tsaunuka masu sanyi da tumaki, da mutane masu wani tsohon yare, Gelik, da ya ja baya a bakin jama'a amma ya maƙale a jikin duwatsu da ƙoramu. Wannan tudun barewa, wancan mashayar baƙar saniya, wancan kwarin da aka yi kuka. Kowane suna labari ne a dunƙule. Ya ce da masu zana taswira suka zo, ba su tambayi makiyayan da ke taka wuraren kullum ba, sai suka tafi wurin masu gonaki da malaman coci da malaman makaranta, wai su ne mutanen da za a yarda da maganarsu, shi ya sa aka rubuta da yawa a karkace. Ya kira wannan zalunci, har muryarsa ta yi rawa. Da na gaya masa dutsenmu saura 'yan watanni, ya ce lalle ne a rubuta sunayen kafin a rushe. Sannan ya ce in haɗa shi da manyan unguwa.

Labari ya riga ni hawa. Da na shiga gida Inna tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafar nan ta hagu. Ita ba mai roƙo ba ce, ko ruwa take so sai ta tashi da kanta tana ɗingishi, don haka da ta ce in zauna na san magana ce.

"Da gaske a littafi zai sa?"

Na ce haka ya ce.

"Dutsen za su kwashe, mu ma za a watsa mu. Ni ba zan shiga zauren Yaya ba, ka sani. Kai za ka zauna a ciki. In an zo kan matakala, ka buɗe bakinka."

Ba sunanta take so a rubuta ba, ta ce wannan ai rashin kunya ne. Sunan matakalar kawai, da cewa mata suka yi ta, da dalilin da ya sa suka yi, saboda aminiyarta da ta faɗi ta riga mu gidan gaskiya ba ta bar kowa ba. Na ce mata wannan ai ba sai ta faɗa ba. Na faɗa da ƙarfi, har da buga ƙirji, kuma a lokacin da gaske nake.

Ranar Juma'a bayan la'asar na hau da Dakta. Sau uku yana hutawa a hanya, yana haki yana rubutu. Muka tarar zauren Baffa ya cika da dattawa cikin fararen kaya, turare kamar ana ɗaurin aure. Aka kawo tuwo da miyar kuka, aka kawo shinkafa da rago, aka kawo shayi da na'ana'a. Dakta ya ci har ya sassauta agogo, sannan ya buɗe littafinsa ya ajiye waya tana ɗaukar magana.

Ban taɓa sanin unguwarmu ta waliyyai ba ce sai ranar. Inuwar Ƙarya ta koma Inuwar Haƙuri, domin tana koya wa bawa cewa duniya ba matabbata ba ce. Mutanen Lungun Abeshe suka bayyana cewa kakanninsu duk malamai ne, karatu ya tsayar da su a hanya. Ba-Ni-Nan kuwa, Baffa ya ce asalin sunanta Kogon Zikiri, wurin da bayin Allah ke kaɗaita. Liman ya gyaɗa kai ya ce shi da kansa ya taɓa wuni a ciki yana ambaton Allah, kuma wannan ba ƙarya ba ne, ban taɓa jin wanda ya shiga wurin bai ambaci Allah ba. Gangaren Garwa kaɗai ya tsira da sunansa da labarinsa, saboda mai ga-ruwan ba shi da jika a zauren.

Sai aka zo kan matakala. Baffa ya gyara zama. Ya ba da tarihin kwamiti zama bayan zama, da wanda ya kawo shawara da wanda ya goyi baya. Ku lura da gwanintarsa, bai ce maza suka gina ba. Cewa ya yi al'umma ta tashi tsaye ƙarƙashin jagorancin kwamiti, aka yi aikin cikin mako uku, aka raɗa mata Matakalar Haɗin Kai. Dattawa suka ce ƙwarai, haka aka yi, kamar suna wurin.

Dakta ya juya shafi baya. Ya ce a hutunsa na biyu wata mai sayar da gyaɗa ta faɗa masa wani suna dabam, ya duba ya karanto shi, Kafin-Su-Dawo. Baffa ya yi dariya mai faɗi.

"Hada kalam harim, Dakta. Surutun mata ne da yara. Ka san su, komai sai sun sa masa laƙabi."

Dakta ya waiwayo gare ni, ina zaune a bakin ƙofa kusa da takalma.

"Kai a nan aka haife ka. Wanne ne sunan?"

Baffa bai ko dube ni ba, carbinsa yake ja a hankali. Na ji maganar Inna a kunnena sarai, ba zan ce na manta ba. Na kuma ga autar Baffa, na ga babbar mota, na ga dattawa ashirin da za su ce ɗan ƙaninsa ya ƙaryata shi a zaurensa gaban baƙo. Duk wannan bai ɗauki tsawon kurɓar shayi ba.

"Abin da Baffa ya faɗa shi ne," na ce.

Dakta ya ja layi ɗaya a kan abin da mai gyaɗa ta gaya masa. Mutumin da muryarsa ta yi rawa saboda makiyayan Sikotland bai ko tambayi inda matan suke ba, alhali tuwonsu na cikinsa. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, domin jin haushinsa ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida na ce wa Inna an yi magana, an rubuta komai. Ta ce to madalla, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma na bar kaza cikin gashinta.

Aka ɗaura mini aure da autar Baffa. Bayan wata biyar motocin rusau suka iso, suka fara daga sama, abin da kwamiti ya kasa yankewa a shekara uku. Maƙwabta suka watsu, wasu Jidda, wasu bayan gari, wasu aka mayar da su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Mu muka samu gida a unguwar Shisha, hawa na huɗu, ni da matata da Inna. Akwai lif, amma Inna ba ta yarda da shi ba, ta ce ba ta shiga akwati da ranta, don haka ta daina fita sai dole. A Shisha ba wurin da ke da suna, lamba ce a jikin gini da lamba a jikin titi, in ka ɓata waya ce za ta nuna maka. In na bi ta tsohon wurinmu da fasinja nakan ga fili shimfiɗe da motoci a jere, in ɗaga kai in ce a raina, can a cikin iska, daidai wancan fitilar, nan ne Inuwar Ƙarya. Sunayen suna nan a kaina, ba su da wurin zama.

Hajjin da ya biyo baya wani alhaji ya kawo saƙo daga Dakta, ɗan littafi mai koren bango da hoton dattawa a gaba, Baffa a tsakiya. Baffa ya samu uku, ya sa ɗaya a gilashi, ya aiko mana da ɗaya ta hannun 'yarsa. Na so in ɓoye shi, matata ta riga ni, ta kai wa Inna da murnarta. Inna tana karanta Alƙur'ani da ajami, boko kuwa ko harafi. Bayan sallar la'asar ta kira ni, ta miƙo mini littafin ta ce in nemo wurin matakala.

Na nemo. Layi biyar ne. Matakalar Haɗin Kai, mai hawa ɗari, wadda kwamitin dattawa ya samar, shaida ce ta zumuncin Hausawa a ƙasa mai tsarki. Na dubi layukan, na dubi ƙafar da ta miƙe a kan darduma, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na karanta mata cewa sunan matakalar Kafin-Su-Dawo. Na karanta cewa mata suka gina ta a lokacin Hajji, maza suna Arfa, da fasassun bulo da taɓarya, saboda wata baiwar Allah da ta zame da ciki. Na sa akurkin, na sa tiren gyaɗa, na sa wadda ta bi gida gida da goyo a baya. Ban taɓa magana mai kyau irin ta ranar ba. Don in ƙara wa abin kama da gaskiya na saci ido na ɗauko abu ɗaya daga shafin, na ce matakala ce mai hawa ɗari.

Inna ta saurara har na gama, idonta a kan fuskata.

"Ɗari da talatin da bakwai," ta ce. "Wanda ya ce ɗari bai taɓa hawa da garwa a ka ba. Wannan shi kaɗai ka karanta a takardar. Sauran duk idonka bai motsa ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ranar ina madafar gidan Yaya, ni na tuƙa tuwon baƙon. Tagar zauren a buɗe take."

Shekara guda da rabi ke nan. Ta yi mini hidimar biki, ta raka amarya, ta sa mana albarka, tana zuba mini abinci kullum, da wannan a cikinta. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, na gwammace ta zage ni, na gwammace ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara mayafinta, ta jingina da bango.

"Ashe ka iya faɗa," ta ce. "To sake karanta mini. A hankali. Ka gyara lissafin."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, ba ta shigo ba, ba ta kuma koma ba. Na rufe littafin na ajiye shi a gefe, na fara daga farko.